Talatu Biyu a Ɗigo Ɗaya

Ƙarfe tara da minti ashirin na safiyar Litinin, mu uku ne a ofishin kwamitinmu na neman dangi da ke Jibiya: ni, da Malama Binta mai karɓar mata, da wani manomi daga yankin Riko mai suna Malam Audu, wanda ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi zama. Daga wannan lokaci tafiyata Nijar ta fara, duk da cewa ba mu hau mota ba sai ranar Laraba. Tun da na dawo abokai suke tare ni a majalisa da bakin masallaci, suna tambayar yadda can take, abin da na ci, inda na kwana. Kowa sai ya ɗauki guntu ya tafi da shi. Shi ya sa na zauna na rubuta shi a jere, yadda ya faru.

Zan fara da aikina, domin wanda bai san shi ba ba zai gane sauran ba. Sunana Lawal, ni ne akawun kwamitin. Sakandare na gama, na ƙara wata uku ina koyon kwamfuta a Katsina. Idan 'yan bindiga suka tashi ƙauye, mutane sukan biyo ta Jibiya, wasu su zauna, wasu su ƙetara Nijar. Muna rubuta su domin wanda ya zo neman nasa daga baya ya san inda zai nufa. Akwai kwamiti irin namu a ƙetare, kuma rajistarmu ɗaya ce, tana haɗuwa ta intanet. A cikinta kowane mutum ɗigo ne, an rataya masa bayaninsa: shekaru, inda yake, yana raye ko ya rasu. Tsakanin ɗigo da ɗigo akwai zare: wannan uwar wannan ce, wannan ɗan wannan ne. Abin da ke raba ɗigo da ɗan'uwansa shi muke kira makulli. Namu abu uku ne a haɗe: sunan mutum, sunan uba ko na miji, da gunduma.

Malam Audu ya yi wata biyar a hannun 'yan bindiga. Da ya fito ya tarar ƙauyensu ba kowa.

Ya ce, "Akawu, an ce nan ake duba mutane."

Na ce, "Nan ne. Wa kake nema?"

"Uwar ɗiyana. Talatu. Da yara biyu, mata."

Na buga Talatu, na buga Riko. Ɗigo ɗaya ya fito: Talatu Maigida, Riko, shekara arba'in da ɗaya, tana raye, tana wani gari bayan Ɗan Issa, a Nijar. Zare biyu sun fita daga jikinta zuwa yara. Na karanta masa sunayen, Uwani da Ladidi. Ya ce su ne.

Malama Binta ta leƙo ta tambaye shi shekarun matarsa. Ya ce bai sani ba, amma lokacin da ya aure ta yarinya ce, kuma Uwani bana take shekara bakwai. Malama Binta ta ce, "Malam Lawal, wannan ba ta kai talatin ba. Nan kuma arba'in da ɗaya." Na ce mata matan ƙauye ba su riƙe shekaru, akawu kan dubi fuska ya kintata, ba sabon abu ba ne. Na juya na ce wa Malam Audu, "Matarka tana raye." Ya sulale ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula. A riƙe wannan: ni na faɗi kalmar nan da bakina.

Ba shi da katin shaida, ya ƙone tare da ɗakinsa. Shugaban kwamiti ya ce sai wani ya raka shi da wasiƙa, kuma ni aka nuna. Ranar Talata ƙaninsa ya taimaka masa ya sayi turmin atamfa ɗaya, da sabulu, da takalman yara ƙafa biyu. Da tafin hannunsa ya auna takalman, gwargwadon yadda ya tuna ƙafafunsu.

Laraba ƙarfe bakwai muna tasha. Motar ta mutum biyar ce, mu tara muka shiga. Kusa da Malam Audu aka zaunar da wata Hajiya mai kai garin kwaki Maraɗi, wadda ba ta yi shiru ba tun daga tasha. Ta dubi baƙar ledar da ya rungume.

"Malam, wannan riƙo haka, amarya za ka ɗauko?"

"Uwargida ce, Hajiya. Wata biyar ban gan ta ba."

"To da ka biya wajen wanzami tukuna. In ta gan ka da wannan gemu sai ta ce a ba ka sadaka ka wuce."

Motar ta kwashe da dariya, shi ma ya yi. Wannan ce dariyarsa ta farko da na gani, kuma ban ga wata ba.

Ƙarfe bakwai da minti arba'in muka isa Magama, bakin iyaka. A gefenmu jami'in ya karanta wasiƙar sau biyu, ya dubi hatimin mai unguwa, ya yi wa Malam Audu 'yan tambayoyi, ya ce mu wuce. Awa ɗaya ya ci.

A Ɗan Issa ne muka tsaya. Jandarman da ke kan tebur Bahaushe ne kamar mu, maganarsa irin ta Maraɗi, ba ta da nisa da tamu. Ya karɓi katina ya rubuta lambar a wani babban littafi. Ya miƙa wa Malam Audu hannu. Na ba shi wasiƙa.

Ya ce, "Wanga takarda ta ce Audu Sani na Riko. Audu Sani nawa ne a Riko?"

Na ce ban sani ba.

"Ni tun sahe na ga uku. Mi ya raba shi da su?" Ya ciro nasa katin ya ɗora yatsa kan lambar. "Suna na kowa ne, Akawu. Lamba ita ce ta mutum guda."

Raina ya ɓaci. Na ɗauka nuna isa ce kawai, kuma ban so ana koya mini aikina a gaban mutane. Direba ya jira mu rabin awa ya ce ba zai ƙara ba. Hajiya ta ƙulla mana garin kwaki da ƙuli-ƙuli a leda, ta ce wa Malam Audu ya gaida uwargida. Mota ta tafi ta bar mu ƙarƙashin dalbejiya.

Mun zauna har ƙarfe ɗaya. A nan na lura da wasu abubuwa da masu tambaya za su so ji. Suna rubuta bakwai da ɗamara a tsakiya, ɗaya kuma kamar rumfa mai gefe guda, har na karanta ɗaya a matsayin bakwai a takardar da aka ba ni. Ofis buro suke cewa, makaranta lakwal, kwamfuta ordinater, malam kuma mushe. Burodinsu dogo ne kamar sanda, bayansa da tauri, cikinsa ba zaƙi. Sai an tsoma a shayi yake shiga. Ba sa son a tsaya a kan teburinsu, sai an kira ka. Wannan ya yi mini, da za a kawo shi ofishinmu da na ji daɗi.

Daga ƙarshe jandarman ya buga waya ga shugabar kwamitin can, Madam Rakiya, ta tabbatar da zuwanmu. Ya sa Malam Audu ya naɗe hannun riga. Ya rubuta tabon igiya da ke wuyan hannayensa biyu, da haƙorin gaba da ya karye, ya ba shi takardar kwana uku mai lamba. Ya ce, "Yanzu kai ne kai."

Daga nan wata mota muka samu, muka yi tafiya a kan kwalta, muka sauka a wata mararraba, muka hau kabu-kabu biyu. Hanyar rairayi ce. Babur ɗin da ya ɗauki Malam Audu ya kafe ya kayar da su. Ledar ta yage, atamfar ta faɗi a ƙasa. Bai dubi gwiwarsa da ta kurje ba, sai da ya kakkaɓe atamfar da hularsa, ya sake ninke ta, ya sa a cikin riga.

Ƙarfe biyar da rabi muka shiga garin. Buro ya tashi, Madam Rakiya tana Maraɗi sai da safe. Malam Audu ya so ya bi gida gida yana tambaya. Mai gari ya hana, ya ce baƙi sun yi yawa, Talatu kuma ba ɗaya ba ce, a bari mai rajista ta zo. A zaurensa aka sauke mu. Bayan magariba aka kawo tuwon gero da miyar kuka da ta sha barkono, da dambun zogale, da fura mai kauri wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Na ci. Malam Audu ya yi loma biyu ya wanke hannu. Ya tambaye ni ko yaro ɗan shekara uku yana mance fuskar ubansa a wata biyar. Na ce ba ya mancewa. Wannan ma ban sani ba na faɗa.

Alhamis ƙarfe takwas Madam Rakiya ta zo. Mace ce mai tabarau, ta taɓa koyarwa a lakwal, ba ta da yawan magana. Ta duba unguwar a wayarta, muka bi ta da ƙafa, mu uku. Gidan na dangar kara ne a bayan gari. Ta shiga, mu muka tsaya a waje. Muka ji ta ce an zo daga Jibiya. Wata murya ta amsa daga ciki, "Daga Jibiya? Wa ya zo?"

Malam Audu yana tsaye da atamfa a hannu. Ya dube ni. Ya ce, "Akawu, ba ita ba ce."

Na ce ya bari ta fito tukuna, murya takan canza.

"Shekara tara muna ɗaki guda. Ba ita ba ce."

Yarinya ta fara fitowa, Uwani. Ta tsaya, ta dube shi, ta rugo ta faɗa jikinsa. Bayanta wata mace ta fito, doguwa, ta manyanta, da ƙaramar yarinya a goye. Ta dubi fuskata, ta dubi tasa, ta duba bayanmu kamar akwai sauran wani. Da ta ga babu, sai ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe mu.

Malam Audu ya ce, "Baiwar Allah, ina uwar yaran nan?"

Ta ce, "Malam, sai haƙuri. Ni ban san ta ba sai a nan, a layin likita, aka kira Talatu muka tashi mu biyu. Da damina ta faɗi amai da gudawa suka kama ta. Kwana uku ta yi. Tana maƙabartar gari."

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya maimaita sau uku. Ya zauna a ƙasa da Uwani a jikinsa.

Madam Rakiya ta tambaye ta yadda yaran suka zo hannunta.

"Maƙwabta suka riƙe su sati biyu. Sai aka kawo mini su, wai an duba ordinater an ga ni ce uwarsu. Na ce ni shekara ashirin da aure Allah bai ba ni haihuwa ba. Suka ce ga shi nan a rubuce." Ta gyara goyon. "Sau ɗaya na hwaɗi, Madam. Ban ƙara ba. Wannan laihina ne."

Madam ta ce, "Ba laifinki ba ne. Wane ne maigidanki?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. Madam ta jira, ba ta matsa mata ba. Can ta ce, "Sunan Annabin da aka jefa a wuta." Wata maƙwabciya da ke leƙe ta kan danga ta ce, "Iro ake ce mishi. Iro maƙeri." Talatu ta ce tun ranar da aka tashi ƙauyensu ba ta ji labarinsa ba, amma an gaya musu duk wanda ya zo nema za a faɗa masa a Jibiya, don haka tana jira.

Malam Audu ya ciro takalman. Na Uwani bai shige ta ba, ƙafarta ta wuce awonsa. Ya miƙa wa Ladidi hannu, ta juya ta ɓoye fuska a bayan Talatu ta fara kuka tana cewa Inna. Ya janye hannun. Ya ɗauki atamfar ya ajiye a gaban Talatu. Ya ce, "Ita na sawo wa. Ke kika yi mata aikinta." Wani dattijo ya kai mu maƙabarta, ya nuna kaburbura biyu kusa da juna, ya ce ɗaya daga ciki ne. Muka yi addu'a a kan duka biyun.

Ƙarfe goma sha ɗaya muna buro, ni da Madam Rakiya. Ta buɗe ɗigon, ta danna wani wuri da ban taɓa dannawa ba, inda tarihin ɗigo yake. Layi huɗu ne.

Layi na farko an rubuta shi a Jibiya, kuma sunana ne a gefe. A nan zan faɗi abin da na yi. Kwamfuta ba ta yarda a bar gurbin makulli babu komai. Matanmu kuma ba sa faɗin sunan miji, kunya ce, kowa ya sani. Ranar da mutane suka fara zuwa da yawa, layi ya kai titi, kowace na tambaya sai ta sunkuyar da kai. Sai na buga Maigida a gurbin, kwamfuta ta karɓa, layi ya tafi. Na ɗauki wannan dabara ce. Da akawun can ya buga mini waya da irin wannan matsala, na koya masa.

Layi na biyu akawun can ne ya rubuta shi, bayan kwana tara: Talatu Maigida, Riko, arba'in da ɗaya. Wata mace daban, daga wani ƙauye daban a gunduma ɗaya. Da rajistar biyu suka haɗu, makulli ya zo iri ɗaya, aka mayar da su ɗigo ɗaya. Shekarun ta biyu suka hau kan na ta farko, yaran ta farko suka rataya a kan ta biyu.

Na ce, "To ai na'urar ce ta haɗa su."

Madam ta cire tabarau. Ta ce, "Mushe Lawal, abu uku ake nema ga makulli. Kada a rasa shi. Kada mutum biyu su yi tarayya a kansa. Kada mutum ɗaya ya riƙe biyu. Ordinater tana iya tsare ka'idar, amma ba ta ganin matar da ke gabanka. Ka cika ta farko da abin da ba suna ba ne, ita kuma ta bi ta biyu yadda aka gaya mata: makulli ɗaya, mutum ɗaya. Me ta yi da ba a sa ta ba?"

Ta mayar da tabarau, muka duba sauran.

Layi na uku: ta rasu. Layi na huɗu, bayan kwana takwas: Talatu mai rai ta zo layin likita, akawun can ya ga an rubuta ta rasu alhali ga ta tsaye, ya ɗauka kuskure ne, ya mayar tana raye. Saboda haka babu wanda ya sa Uwani da Ladidi a jerin yaran da ake nemar wa dangi. Madam ta raba ɗigon biyu a gabana, ta mayar da kowane zare inda ya dace. Muka yi shawara za mu kai wa kwamitocin biyu buƙatar a ba kowa lamba tasa tun ranar farko, wadda ba a sake ba wani ko bayan ya mutu, kuma a bar gurbin miji a sarari idan ba a samu ba, har mace ta tambayi mace ko maƙwabciya. Amma ni hankalina yana kan kwana takwas ɗin nan, da rajista take cewa Talatu ta Riko ta rasu, a can da nan Jibiya baki ɗaya.

Malam Audu bai biyo ni ba. Ya ce ba shi da gidan da zai kai su, kuma ba zai raba Ladidi da goyo sau biyu a shekara ɗaya ba. Mai gari ya ba shi wurin kwana da aikin gona, Madam ta ce za ta nema masa takardar zama. Da muka yi sallama na roƙe shi gafara. Ya ce, "Akawu, kwana uku na yi da ita a raye. Allah ya yahe mana." Ban san ko yafewa ce ko akasinta ba, kuma ban tambaya ba.

Juma'a na juyo ni kaɗai. A Ɗan Issa jandarman ya tambaye ni ina mai tabon igiya, na gaya masa a taƙaice. Ya buɗe littafinsa ya rubuta a gefen lambar. Ya miƙo mini katina.

Ƙarfe huɗu da kwata na shiga ofis. Ban je gida ba. Ina da littafin baƙi da nake rubuta duk wanda ya zo tambaya, da ranar, da amsar da aka ba shi. Na buɗe kwana takwas ɗin. A rana ta biyar ga shi da rubutuna: Iro, maƙeri, Riko. Yana neman Talatu. An gaya masa ta rasu.

Sai na tuna shi. Dogo ne baƙi, da tabon ƙuna a damtsen hagu, yana riƙe da buhu mai kayan ƙira. Na tuna na ce masa ta bar yara biyu, ya ce, "Ɗiya? Ai ba mu da ɗiya." Na ce masa mace a gudun hijira takan riƙe 'ya'yan maƙwabta, ba sabon abu ba ne. Malama Binta ta yi masa ta'aziyya. Ya ce tunda haka ne ba abin da ya rage masa a nan, zai yi kudu, wajen Funtuwa ko gaba. Bai bar lambar waya ba, ni kuma ban nema ba.

Wannan ita ce tafiyar, ga masu tambaya. Yanzu ga abin da nake roƙo. Kai da kake karanta wannan, idan kana zuwa kasuwannin kudu, ko kana da ɗan'uwa direba, ko akwai maƙera a unguwarku, ka tsaya ka tambaya ko akwai baƙo mai suna Iro daga yankin Riko, dogo, mai tabon ƙuna a damtsen hagu. Idan ka same shi, kada ka aiko mini in tura saƙo, kada ka bari sai gobe. Ka gaya masa a wurin cewa akawun Jibiya ya yi kuskure. Matarsa Talatu tana raye, na gan ta da idona ranar Alhamis ƙarfe takwas da rabi na safe, kuma duk wanda ya yi sallama a ƙofarta sai ta duba bayansa. Ka ce ya zo ofis, ni zan raka shi da kaina.